Neman Zangon Fatake da Lissafi a Dajin Bargu

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a shagon tela inda muke zaman la'asar a tare ni, har a shataletalen Mokola wani ya tsayar da babur yana cewa, "Malam Sabitu, an ce kun haƙo tukunyar zinariya a ƙasar Faransa, abi?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara gishiri. To ga shi daga farko har ƙarshe. Mai neman zinariya ya tsaya a nan, babu ita a ciki.

Ga wanda bai san ni ba, a nan unguwar Sabo ta Ibadan aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Lissafi nake koyarwa a wata sakandare, kuma da yake na karanta ƙididdiga, ɗaliban jami'a kan kawo mini alƙaluman bincikensu in tace musu. Kakanninmu fataken goro ne, kuma na daɗe ina cika baki da hakan a majalisa, ina cewa tafiya a jininmu take. Gaskiyar magana, in ka cire zuwa biki Kano sau biyu, iyakacin fataucina shi ne kasuwar Shasha sayen tumatir da albasa.

Wata rana wata malamar jami'a, Dakta Ronke, ta aiko a kira ni. Bayarabiya ce, aikinta tonon kufai, wato binciken wuraren da mutanen dā suka zauna. A Zariya ta yi karatu, don haka Hausarta ta fi ta 'ya'yana fita. Ta shimfiɗa mini taswira ta ce a arewacin Jamhuriyar Benin, a ƙasar Bargu, akwai wani daji da aka ba wani kamfani zai share ya dasa kashu. Ta wannan yankin ayarin fatake ke ratsawa zuwa Gwanja, kuma tana da yaƙinin akwai tsohon zango a cikinsa. Hukumar can ta ba ta kwana goma sha biyu kafin katafila ta shiga. Abin da aka gano a kwanakin za a kewaye shi a bar shi. Abin da ba a gano ba, ya tafi ke nan.

"Dajin ya fi ƙarfin ƙafa," in ji ta. "Ko mu hamsin ne ba za mu taka shi duka ba, mu kuwa huɗu ne. Ina so ka gaya mini ta inda za mu fara."

Aikin ba sihiri ba ne. Za ka yanka taswirar gida-gida kamar filin dara. Kowane gida ka rubuta masa halinsa: nisansa da rafi, tudu ne ko kwari, jar ƙasa ce ko laka. Sai ka ɗauko jerin kufan da aka riga aka sani a ƙasar, ka bar kwamfuta ta duba me suka yi tarayya a kai. Daga nan ta bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya tana ba su maki, kamar yadda nake ba ɗalibai. Wanda ya yi kama da wuraren da aka sani ya sami maki da yawa, a shafa masa ja. Mai bi masa rawaya, sauran fari.

Da za ta ba ni jerin, Dakta ta ce, "Ka dai lura, tsofaffin masu bincike ne suka tara wannan. Ka san yadda suka yi yawonsu ai."

Na ce, "Dakta, na kula da wannan."

Ban kula ba. Ban ma gane inda maganar ta dosa ba, girman kai ne ya hana ni tambaya. Bayan mako biyu na kai mata taswira mai jajayen gidaje uku, wadda na sa aka buga mini babba aka yi mata leda. Ta ce in shirya mu tafi tare, ko za a buƙaci gyara a can.

Matata Hajara ta cusa mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli da man zafi a jaka. Ni kuwa na sayo takalmin sojoji na gwanjo da wata malafa mai faɗi irin ta Turawan dā. Da na gwada su a tsakar gida, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah Ya kiyaye hanya," ta shige ɗaki da sauri. Na ji dariyar ta taga.

Mun tashi bayan asuba. Direbanmu Baba Lasisi, dattijo mai faɗin kafaɗa, tun a ƙofar gida ya raɗa mini suna Tisha, bai kuma sake kirana da wani ba. Muka bi ta Moniya, muka wuce Iseyin, hanya lafiya lau, ina ta yi musu bayanin yadda kakanninmu ke taka wannan nisan da ƙafa. Bayan Shaki sai kwalta ta fara zuwa da tafiya, daga baya ta tafi gaba ɗaya. Ni kuma na buɗe kwamfuta a cinya don Dakta ta ga ina aiki. Ba a yi nisa ba na ce wa Baba Lasisi ya tsaya. Jikan fatake ya durƙusa a bakin hanya ya mayar da kokon safe, wata mai sayar da doya na tsaye a kansa tana yi masa sannu da Yarabanci, "Pele o, Alhaji," tana miƙo ruwa. Dakta ta karɓe kwamfutar ta sa a jaka.

Mun isa kan iyaka da rana tsaka. Ɓangarenmu ba mu daɗe ba. A ɗaya ɓangaren ne wani jami'in kula da kayan tarihi na can, mai suna Biyo, zai tarye mu, amma bai iso ba. Dakta ta shiga ofis da takardunmu, Baba Lasisi ya tafi neman ruwan lagireto, aka bar ni da kaya. Sai wani jandarma ya zo ya leƙa bayan mota. Ya ga diga, ya ga shebur, ya ga rariya manya guda uku, sannan ya ga taswirata da jajayen gidajenta. Ya yi mini magana da Faransanci. Ni kalma biyu na sani a harshen, "wi" da "marsi", kuma na lura in ka ce wa mai kaki "wi" da fara'a yakan ji daɗi. Ya yi tambaya, na ce wi. Ya sake, na ce wi. Ya yi ta uku yana kallona cikin ido, na ƙara faɗaɗa murmushi na ce wi, marsi.

Da Dakta ta fito sai ta same ni a kan benci bayan kanta, an karɓe malafar da taswirar. Allah Ya kawo Biyo a kan babur, wani siririn mutum mai sanyin magana, yana jin Hausa irin ta can. Ya saurari jandarman, ya juyo gare ni.

"Malam, ya tambaye ka ko taswirar taka ce, ka ce e. Ya tambaye ka ko jan nan wurin zinariya ne, ka ce e. Ya ce kuma ba ka da takardar izinin haƙa ma'adinai ko, ka ce e, ka gode."

Aka nuna takardun hukuma, magana ta mutu. Bawan Allah aikinsa yake yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da zai miƙo mini malafar sai ya ce da Hausa tsantsa, "Haba Malam, da ka yi sallama ai da mun gama tuni. Wannan hular ce ta sa ban ɗauka kai namu ne ba."

Muka kwana a Nikki, washegari muka shiga wani ƙauye a bakin dajin. Can na ga abubuwan da suka bambanta da namu. Da rana ta take, ofis da kanti duk a rufe, kowa ya je ya kwanta sai wajen la'asar, abin da in ka yi a Sabo za a ce ba ka da lafiya. Burodinsu dogo ne kamar gora, ɓawonsa na yanka dasashi. Mata na tuƙa babur da buhun masara a baya ba mai waiwayarsu. Hausarsu kuwa cike take da Faransanci kamar yadda tamu ke cike da Turanci da Yarabanci, makaranta lakwal ce, likita lokotoro. Sun yi ta yi mini dariya in na ce "oya mu tafi", ni ma ina yi musu.

Gaisuwar Bargawa ce ta kusa kayar da ni. Mu a Ibadan mun saba ganin ana kwanciya a gaida babba, amma wannan sauka ce da tashi. Su tsugunawa ake yi a zauna a haka, wannan ya ce "oo", wancan ya ce "mm", a yi ta juyawa a hankali kamar ba za a gama ba. Da muka je gaida mai gari na tsuguna tare da kowa don nuna ladabi. Aka gama, kowa ya miƙe, ni gwiwa ta ƙi. Sai da Baba Lasisi ya kama ni ta hammata ya ɗaga kamar buhun gari, mai gari yana kallon gefe don ya rufa mini asiri.

An sauke mu a unguwar zango, gidan wani tsoho, Baba Sidi. Bahaushe ne da kakanninsa suka tsaya a nan ba su ƙarasa gida ba. Kullum yana zaure yana tufka igiya. Abinci kuwa sakwara ce safe da rana, mai laushin da ban taɓa cin irinta ba, da wani cuku na Fulani da suke rinawa ja su soya, suna kiransa wagashi. Na kamu da son wagashin nan fiye da hankali.

Aikin daji shi ne a jeru, tsakanin kowa da kowa taku goma, a yi ta tafiya ido a ƙasa ana neman katangar tukunya, ko dutsen niƙa, ko kashin maƙera. Ni da Dakta da Biyo muke jerawa, Baba Lasisi yana jiran mota. A jan gida na farko, ko awa ba mu yi ba na hango wani ɓallin abu mai kauri a ƙasa. Na ɗaga shi sama ina ihu, "Dakta! Dakta! Ga shi!" Har na fara tsara yadda zan faɗa a majalisa. Ta zo ta juya shi sau ɗaya ta miƙo mini.

"Siminti ne. Bututun kwalbati. Masu aikin hanya sun yi sansani a nan."

Kwana biyu muka yi a wannan gidan. Na biyu ya ci kwana uku, muka tara gwangwanayen kifi da murfin kwalba. Na uku yana bakin wani rafi, inda ƙudan tsando suka yi mini rubutu a wuya da hannu, abin da muka samu kuwa fasasshen tangaran ne mai zanen fure. Kwana bakwai suka tafi. Dakta ta rage magana. Biyo ya ce an fara sauke katafila a gefen dajin na gabas.

A rana ta bakwai ɗin, muna cin burodi a inuwar mota, Baba Lasisi ya yi miƙa ya ce, "Tisha, ni dai kwamfutarka tana ƙaunata. Duk inda ta zaɓa, a bakin titi nake fakin, ko ƙaya ɗaya tayata ba ta taka ba. Allah Ya yi mata albarka."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ni kuwa na ajiye burodin. Dakta ta ajiye kofinta ta ce in buɗe mata abubuwan da na ba kwamfuta ta auna. Na buɗe. Na huɗu a jerin shi ne nisa daga hanyar mota. Na sa shi ne da tunanin hanyoyin yanzu kan bi sawun na dā, kuma da na ga ya fi kowane ƙarfi a lissafin har na yi murna.

"Malam Sabitu," in ji ta a hankali, "mutanen da suka tara jerin nan da mota suka yi yawo. Inda mota ta tsaya, nan suka duba. Ba kufai ne ke son titi ba, masu neman kufai ne ke son titi. Kai ka koya wa kwamfuta ta nemo inda masu bincike ke fakin."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma ta ƙara da cewa ita ma da laifinta da ba ta duba ba tun a Ibadan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana bakwai cikin sha biyu na ƙone mata, kuma in akwai wani abu a dajin nan, ni ne zan zama dalilin da katafila za ta bi ta kansa.

Muka koma gida da wuri. Bayan azahar na zauna a zaure da taswirar a gabana kamar mai zaman makoki. Baba Sidi ya daɗe yana kallona ta gefen ido kafin ya ce, "Ɗana, wannan takardar me ta yi maka?"

Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya matso, ya sa yatsa a kan shuɗin layi.

"Wannan rafi ne?"

"Rafi ne, Baba."

"Kuma ka ce a bakinsa ayari zai sauka?" Ya yi dariya har da tari. "Da jakuna? A bakin rafin Bargu? Ai kafin a kai Gwanja tsando ya gama da su. Madugun da ya yi haka ba ya sake jan ayari."

Ashe yana yaro ya bi mahaifinsa da jakuna, kuma ya ji na kakansa. Ya ce a kan tudu ake sauka inda iska ke kaɗawa, ba kusa da ruwa ba, ba kuma nesa ba, daidai inda mace za ta je ta ɗebo ta dawo kafin wuta ta kama sosai. Ya ce jaki mai kaya daga asuba zuwa azahar yake tafiya, in ka matsa masa gobe ba zai tashi ba, saboda haka tsakanin zango da zango ba ya wuce haka. In na san mashigin babban kogi, na san zangon Nikki, to in ƙirga da ƙafar jaki. Ya ce a nemi inda kukoki suka taru, don kuka ba ta cika taruwa haka kawai ba sai inda mutane suka zauna suka zubar da ƙwallonta. Kuma dole a sami inuwa mai yawa, domin a hanyar dawowa sai an kwance huhun goro an yayyafa ruwa an tsince mai tsutsa.

Ya dube ni. "Ba ka ce gidanku gidan goro ba ne? Wannan ai ko a Sabo ana yi."

Ana yi. A ƙofar gidanmu ake yi, tun ina rarrafe. Ban taɓa tunanin abin da za a sa a kwamfuta ba ne.

Na jona kwamfutar a batirin mota na sake aikin daga tushe. Na cire hanyar mota. Na tambayi Baba Sidi garuruwan da jaki ke haɗawa a yini, na auna su a taswira na sami nisan zango. Ruwa na daina ba shi maki don kusanci, na ba matsakaicin nisa. Ni da Biyo muka ƙura wa hoton tauraron ɗan'adam ido muna ƙirga kukoki har idona ya yi ruwa. Kafin magariba sabon jan gida ya fito, guda ɗaya, can tsakiyar daji inda mota ba ta shiga.

Dakta ta ce, "Yaya ƙarfin zuciyarka a kansa?"

Wannan karon na ce, "Ya fi sauran wuraren dama. Iyakar abin da zan iya cewa ke nan."

"Da haka ka faɗa tun farko," in ji ta. "Gobe mu je."

Tafiyar awa biyu ce a ƙasa daga inda mota ta tsaya, har Baba Lasisi ya biyo mu ɗauke da ruwa, yana cewa ya janye albarkar da ya sa wa kwamfuta. Takalmin sojojina ya sale mini dunduniya tun a rabin hanya, na ƙarasa da silifas ɗin wanka. Amma wurin ya yi kama da abin da tsoho ya faɗa, tudu ne, ga iska, ga kukoki. Muka yi kwana uku muna zuwa muna taka shi. Muka sami katangar tukwane jefi-jefi da rabin dutsen niƙa. Biyo ya girgiza kai, ya ce wannan ba zai isa ofishinsu ya tsayar da kamfani ba, ko mafarauci ma yana fasa tukunya. In iska ta juyo muna jin gurnanin katafila daga gabas.

Rana ta goma sha ɗaya, da safe, na ci wagashi fiye da ƙima, na bi shi da nonon da wata Bafulatana ta kawo. Wajen hantsi muna cikin jeri cikina ya yi wata ƙara da har Biyo ya waiwayo. Na ɗauki buta na ce ina zuwa. Da yake akwai mace a wurin, kuma shugabata, na yi nisa. Na ga ciyawar ba ta da tsawo, na ƙara nisa. Na hango wani kurmin geza a bayan wata kuka, na nufe shi da sauri, ina tafe ina kwance mazagi.

Ban san lokacin da ƙasa ta ƙare ba. Na ji ni dai a ƙasan rami, ganye da ƙasa na zubo mini a ka, ƙafata ta hagu a lanƙwashe, buta a ƙirjina. Cikin da ya koro ni kuwa ya yi tsit, tsoro ya warkar da shi nan take. Abin da ya fara zuwa raina maciji ne. Na yi salati, na yi ihu da Hausa, na yi da Yarabanci, ina jin har "wi" na faɗa.

Baba Lasisi ne ya fara leƙowa. "Tisha! Me kake nema a nan?" Ya juya yana kiran sauran. Fuskar Dakta ta bayyana a bakin ramin, na ɗaga mata hannu ina jiran ta tambayi lafiyata. Idonta ba a kaina yake ba.

"Kada ka motsa," ta ce. "Kada ka jingina da bangon. Malam Sabitu, don Allah, shafa shi a hankali ka gaya mini, ƙasa ce?"

Na shafa. Ba ƙasa ba ce. Wani abu ne mai tauri da santsi, toka-toka, an shafe ramin da shi a zagaye kamar cikin randa. Na faɗa mata. Sai na ji ta yi wata ƙara irin ta 'yan mata a gidan biki.

"Laso ne! Rijiyar marina ce! Biyo, kawo sandar awo!"

Aka miƙo mini sandar nan mai ja da fari aka ce in riƙe ta a tsaye. Saboda haka hoton farko da aka ɗauka na wurin nan, wanda na ji an ce zai shiga littafi, ni ne a ciki, hannu ɗaya riƙe da sanda, ɗaya riƙe da wando.

Kafin su ƙulla igiyar fito da ni na ɗan zauna ni kaɗai a ciki. Daidai fuskata akwai sawun yatsu huɗu a jikin lason, inda wanda ya yi shafen ya ja hannunsa tun yana ɗanye. Na ɗora nawa a kai. Yatsunsa sun fi nawa kauri. Ban san sunansa ba, ban san ko daga Kano ya zo ko a nan aka haife shi ba, amma ya tsaya a inda nake ya yi aikinsa da kyau, har ya riƙe ƙaton mutum irina bai fashe ba. Ban yi zaton abin zai taɓa ni ba, sai ga shi ina share ido da gefen riga, na ce wa Baba Lasisi ƙasa ce ta shiga.

Da aka sare gezar sai ga wasu rijiyoyin a jere, yawanci sun cike da ƙasa. Bayansu ga tudun juji cike da katangar tukwane, da guntayen lofen shan taba, da 'yan duwatsun wuya. Dakta ta ce marina ba ta zama a wurin kwana ɗaya, wannan zango ne da ya zama gari. Shekarunsa kuwa ta ƙi faɗa, ta ce sai an gwada gawayin da ta ɗiba. Biyo ya hau kan tudu yana neman sabis, ya yi ta magana da Faransanci yana kai da kawo. Washegari, ranar ƙarshe, mutanen ofishinsu da na kamfanin suka zo, aka kafa turaku aka ja igiya ta kewaye tudun duka. Katafila za ta bi ta gefe. Ni a bayan babur aka kai ni kallo, bayan wani maɗori a ƙauyen ya ja ƙafar har na kira sunan mahaifiyata.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne wanda ban cika faɗa a majalisa ba. A hanyar dawowa mun tsaya cin abinci a Shaki, na buɗe kwamfuta na sa alamar ramin a kan taswira. Bai faɗa cikin jan gidana ba. Yana cikin na kusa da shi, mai rawaya, tazarar kamar taku ɗari uku daga layi. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na matsa kusa da Dakta na rage murya.

"Dakta, girman gidajen nan ai ni na zaɓa. Da na yi su manya kaɗan, ramin a cikin ja zai faɗa. In na sake yankawa yanzu, ba ƙarya aka yi ba."

Ta ci gaba da cin amalarta. "Kafin ka faɗa ramin ka zaɓi girman, ko bayan ka faɗa?"



"Lissafinka na biyu ya ɗauke mu daga bakin titi ya kai mu kan tudun da ya dace," in ji ta. "Ba don shi ba da ko a mafarki ba mu je can ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma zan rubuta shi, da sunan Baba Sidi a gaba da naka. Amma wanda zai zo bayanmu da taswira irin taka yana bukatar ya san da nawa ta kuskure, don ya san iyakar da zai duba. In ka gyara layin, shi ka cuta."

Ta juyo da fom ɗin rahoton ta miƙo mini biro. Akwai layin da aka ce a faɗi ko wurin yana cikin yankin da aka yi hasashe. Na rubuta a'a da hannuna. Layin ƙasa ya ce a faɗi hanyar da aka bi aka gano shi. Na ɗaga kai na dube ta.

"Rubuta gaskiya," ta ce, "amma ba sai ka ambaci butar ba."